Ka karanta fizik, to ina ofishinka?

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kallo. Wata ƙanwarmu ce daga Garwa ta aiko mana da saƙo. Ta ci bak ɗinta, wato jarrabawar gama sakandare, a ajin C na lissafi da kimiyya, ranta na son karatun fizik, amma Baba ya yi mata tambayar da ta rasa amsarta: "Likita na san shi, injiniya na san shi. Shi mai fizik, in ya gama, ina ofishinsa?" Baba yana da gaskiya, shi zai biya kuɗin makaranta da na haya. Amsarsa za mu nemo yau.

Ƙanwata, shekara uku na lisans, wato digiri na farko, ko a Ngaundere ko a Marwa, awo da lissafi za su koya miki: yadda wuta ke gudana, yadda zafi ke ratsa abu, yadda haske da sauti ke tafiya. Wannan ilimi tsabar gero ne a rumbu. Ba a cin sa haka, sai an sarrafa shi ya zama tuwo ko fura ko kunu. Wanda ya tsaya a takardar kaɗai zai sha wuya, wanda ya ɗora mata sana'a kuwa, aikinsa na nan a ƙofar gidanmu.

Mu fara da ruwa. A yankin duwatsun Mandara, wajajen Mokolo da Mora, ƙarƙashin ƙasa dutse ne, ruwa kuma a tsagar dutsen yake kwanciya. Ana iya tara kuɗin gari guda, a kawo motar haƙa, a yi rijiyar burtsatse ta fito a bushe, alhali ruwan yana ƴan taku kaɗan daga wurin. Shi ya sa ake fara kiran masu auna ƙasa. Ga yadda suke yi: turakun ƙarfe huɗu ake kafawa a jere, a haɗa su da wayoyi. Biyun gefe suna tura wutar batir cikin ƙasa, biyun tsakiya suna aunawa. Busasshen dutse ba ya barin wuta ta wuce sai da ƙyar, tsagar da ke da ruwa kuwa hanya take ba ta. Duk sa'ad da aka ƙara nesanta turakun gefe, wutar sai ta ƙara nutsewa, har a gane abin da ke can ƙasa ba tare da an sa diga ba. Dokar Ohm ce, wadda kika haddace a lise. Wanda ya yi mastar a wannan fanni, kamfanonin haƙar rijiya da ƙungiyoyin agaji suna bukatarsa. Da irin wannan awo na ƙarƙashin ƙasa ake neman ma'adinai da man fetur ma. Akwai makarantar ma'adinai a Maiganga, akwai ta ma'adinai da fetur a Kayele, ga kuma man Doba na Cadi da ke bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kiribi tun 2003.

Sai wuta. Madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982, injuna huɗu gare ta, ƙarfinsu megawat 72. Amma wannan ƙarfi ya rataya ne ga tudun ruwa da yawan wanda ke wucewa. In rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, kowa a Garwa ya san abin da ke biyo baya. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar, waɗanda suka fara da ba da wajen megawat 30 a haɗe.

A nan nake so matasa su saurara da kyau, domin masu ɗaura farantan sola sun yi yawa, masu fahimtar su ne kaɗan. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti, a zafin digiri 25 aka auna shi. Kowane digiri guda da ya ƙaru yana cinye kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu, iskar Garwa kan haura digiri 40, shi kuwa farantin da ke kan kwano yana iya kai 65. Ki lissafa: daga 25 zuwa 65 ƙarin digiri 40 ke nan, sau 0.4, kashi 16 cikin ɗari ya tafi, tun ba a yi maganar ƙurar hunturu da ke rufe gilashin ba. Mai shago ya sayi firji, an ce masa faranti biyu sun isa, kafin asuba batir ya mutu, kifi ya lalace. Wanda ya san fizik zai bar sarari tsakanin faranti da kwano don iska ta ratsa, ya fuskantar da shi kudu da ɗan karkata, ya zaɓi kaurin waya da lissafi. Wannan sana'a ce da mutum zai iya fara cin abinci da ita tun yana ɗalibi.

A asibiti ma akwai gurbi. Inda ake gasa ciwon daji da haske mai ƙarfi, kamar babban asibitin Duwala, likita ne ke faɗin adadin da za a ba maras lafiya, amma masanin fizik ne ke tabbatar da cewa abin da injin ya fitar ke nan, ba ƙari ba ragi. Yana bukatar mastar ta musamman, kuma masu ita ba su da yawa a ƙasashenmu. Mai sha'awar sararin sama kuwa ya sa ido kan jarrabawar shiga makarantar EAMAC ta ASECNA, hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama, a Yamai, inda ake horar da masu hasashen yanayi da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Wasu kuma kwamfuta ce ke ɗauke su, su ƙare a banki ko kamfanin waya suna sarrafa alƙaluma.

Koyarwa fa? Raina yana ɓaci in na ji ana kiran ta aikin wanda ya rasa abin yi. Yarinyar da ta aiko da saƙon nan, wani malami ne ya tsaya gaban allo da alli har ta so fizik. Babbar makarantar horar da malamai tana nan a Marwa. Wanda kuma bincike ya shiga ransa, ya san da cibiyar ilimin lissafi ta AIMS a Limbe, da cibiyar da Abdus Salam, ɗan Pakistan mai kyautar Nobel ta 1979, ya kafa a Tiriyes ta Italiya a 1964. Tana da shirin shekara guda na ɗaliban ƙasashe masu tasowa.

Ƙanwata, kafin ki gama shekara ta biyu ki zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan. Ki koyi yaren kwamfuta na Python ko da a tsohuwar kwamfuta ce, ki gyara Ingilishinki domin yawancin littattafan da tallafin karatu da shi suke zuwa. Hutun damina kuma kada ki yi shi a ɗaki: ki nemi mai ɗaura sola ko ayarin masu auna ƙasa, ki roƙi Baba ya yi musu magana, ki bi su ko da riƙon waya ne.