Jawabin Maraba ga Babban Baƙo a Sansanin Ɗalibai na Bakin Teku

Mai girma babban baƙonmu, shugabannin makaranta, 'yan'uwana malamai, ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban da suka zo wannan ziyarar karatu, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san yawan hidimomin da ke gabanka, amma ka ajiye su ka tako har bakin ruwa, inda babu zaure babu shimfiɗa, sai iska da rairayi. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ranar da muka sauka a wannan lungu na teku, na tambayi yaran nan me suka gani. Suka ce, "Malam, yashi da ruwa." Ban yi musu gardama ba. Na miƙa musu shebur da rariya da igiyar awo, muka ja layi daga tudu har zuwa inda ruwa ke lasar ƙasa, suna haƙa suna tacewa taki bayan taki. Kafin azahar bakinsu ya sauya. Sun tono tsutsotsi, sun tono ƙananan halittu masu ɓawo biyu da ke binne kansu su zuro ɗan bututu sama suna zuƙar abinci daga ruwa. Ramukan da suka ɗauka na ɓera ne, ashe na kaguwa ne mai launin yashi, wadda ke yini a ƙasa ta fito kiwo da dare. Rairayin da ido ke gani fayau, gari ne guda a ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne sha'anin cikowar ruwa da janyewarsa. A aji mun sha faɗa musu cewa jan da wata ke yi wa teku ne ke kawo shi, kuma tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 ne da minti 25. Sun haddace, sun ci jarrabawa. Amma sai a nan, da suka kafa sanda suka riƙe agogo, suka ga da idonsu cewa kullum ruwan na makara da kusan minti 50 a kan jiya. Wata ɗaliba ta zo mini da gudu da littafinta, kai ka ce ita ta fara gano shi a duniya. Ranka ya daɗe, irin wannan gudun ne malami ke shekara yana jira.

Sun kuma koyi cewa ciyawar da teku ke amayarwa a gaɓa ba shara ba ce. Ƙwari na ci daga gare ta, tsuntsaye na cin ƙwarin. Sharar gaske ita ce leda da robobin da muka tsince a cikinta, kuma sun yi yawan da ya sosa mana rai.

A gaɓa irin wannan ne macen kunkurun teku ke fitowa da dare ta binne ƙwai wajen 100, su ƙyanƙyashe bayan kamar wata biyu. Zafin yashin ne ke raba mace da namiji: idan ya yi yawa, mata ne za su rinjaya. To ina ga an zo da tifa an kwashe yashin?

Nan ne kokenmu yake. Muna roƙon ka sa baki a kare wannan gaɓa daga masu ɗibar yashi, a bar ciyayin da saiwoyinsu ke riƙe tudun rairayi, domin su ne katanga tsakanin teku da tudu. Muna kuma roƙon a taimaka wannan ziyara ta zama ta kowace shekara, har ɗan da iyayensa ba su da hali ya samu zuwa.

Ranka ya daɗe, ruwa ya janye yanzu, kuma ba zai jira mu ba. Ɗalibai sun jera abin da suka samo, kowane rukuni a wurinsa, kuma za su mayar da komai inda suka ɗauko shi kafin ruwan ya dawo. Muna gayyatarka ka sauka tare da mu su nuna maka da kansu. Bismillah.