Lokacin da AEK Ta Buga Rukuni na Biyu: Kakar 2014 zuwa 2015 a Girka

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Wannan fili da kuke gani shi ne filin wasannin Olamfik na birnin Atina, wanda ke ɗaukar 'yan kallo kusan 70,000, kuma a cikinsa aka yi bikin buɗe gasar Olamfik ta 2004. A kakar wasa ta 2014 zuwa 2015, ƙungiyoyin ƙananan garuruwa da na unguwanni, waɗanda filayensu ba su ɗaukar ko kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi, sun riƙa zuwa nan suna buga wasan rukuni na biyu. Dalili kuwa shi ne mai masaukinsu, wato AEK, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar Girka, ta tsinci kanta a wannan mataki. A yau za mu bi diddigin wannan kaka, mu ga yadda aka tsara ta da kuma abin da ya kawo manya cikin ƙanana.

Gasar rukuni na biyu ta Girka ta daɗe ana kiranta Beta Ethniki, kafin a sauya mata suna zuwa Football League a 2010. A wancan lokaci, a samanta akwai Super League, inda Olympiacos da Panathinaikos da PAOK suke fafatawa, a ƙarƙashinta kuma akwai Gamma Ethniki. A kakar da muke magana a kai an raba ƙungiyoyin gida biyu, rukunin Arewa da rukunin Kudu. Wanda ya dubi taswirar ƙasar zai fahimci hikimar hakan. Girka ƙasa ce ta duwatsu da tsibirai, kuma ƙungiyar da za ta je buga wasa a Chania da ke tsibirin Kirit, ko dai ta biya kuɗin jirgin sama, ko kuwa ta kwana a jirgin ruwa daga tashar Piraeus. A lokacin da ƙasar ke cikin tsananin matsin tattalin arziki, har rashin aikin yi ya haura kashi 25 cikin 100, rage nisan tafiya ba ƙaramin sauƙi ba ne ga ƙungiyar da ke fama da biyan albashin 'yan wasa.

Kafin mu shiga wasannin, ya kamata a san wace ce AEK. An kafa ta a 1924, kuma waɗanda suka kafa ta Girkawa ne 'yan gudun hijira da suka baro Santambul bayan yaƙin Girka da Turkiyya. Harafin K da ke ƙarshen sunanta yana nufin Konstantinoful, tsohon sunan wancan birni, tambarinta kuma gaggafa ce mai kai biyu, irin ta daular Rumawan Gabas. Tun da aka fara gasar ƙasa ba ta taɓa faɗuwa daga rukunin manya ba, sai a watan Afrilun 2013. A wani wasa da Panthrakikos a gida, ana saura 'yan mintoci a tashi, mai tsaron bayan AEK ya ci gida. Nan take magoya baya suka ɓarke cikin fili suka fafari 'yan wasansu, alƙalin wasa ya dakatar da karawar, hukuma kuma ta zaftare wa ƙungiyar maki 3. Da haka aka rufe babin.

Abin da ya biyo baya shi ne mabuɗin fahimtar ƙwallon Girka na wancan zamani. Bisa ƙa'ida, AEK rukuni na biyu za ta faɗa. Sai ta zaɓi ta tsallake shi ta sauka har rukuni na uku. A Girka, sashen ƙwallon ƙwararru na kowace ƙungiya kamfani ne mai zaman kansa da ake kira PAE, wanda ya bambanta da uwar ƙungiyar. Idan kamfanin ya sauka zuwa matakin da ba na ƙwararru ba, a wancan lokaci ana iya rushe shi tare da basussukan da ke wuyansa, daga baya a kafa sabo da suna ɗaya da riga ɗaya da magoya baya ɗaya. AEK tana ɗauke da bashi mai nauyin gaske, musamman na haraji, don haka ta bi wannan hanya. Attajirin man fetur Dimitris Melissanidis, wanda ya taɓa jagorantar ƙungiyar a shekarun 1990, ya dawo ya karɓi ragama. Mutum na iya cewa dabara ce ta halal a idon doka, amma waɗanda suka biyo bashi ba za su ga kyanta ba, kuma ƙananan ƙungiyoyin da suka yi ta ƙoƙarin biyan nasu bashin suna da dalilin ƙorafi.

Wanda aka damƙa wa aikin horarwa shi ne Traianos Dellas. Masu bibiyar ƙwallo za su tuna shi a gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2004 a Fotugal, lokacin da ya sa kai ya zura ƙwallo daga bugun kusurwa a ragar Jamhuriyar Cek a ƙarin lokaci, ƙwallon da ta kai Girka wasan ƙarshe. Shi ne ya jagoranci AEK ta lashe rukuninta a Gamma Ethniki a 2014, sannan ya shigo da ita Football League.

A rukunin Kudu, AEK ta haɗu da maƙwabtanta na cikin Atina da kewaye, irin su Apollon Smyrnis da Kallithea da Fostiras da Acharnaikos, sai Panachaiki ta birnin Patras, da wakilan tsibirin Kirit. Gaskiyar magana, babu wata gasa ta a zo a gani a wannan rukuni game da matsayi na ɗaya. AEK ta sayi 'yan wasan da suka fi ƙarfin matakin. Ta ɗauko Petros Mantalos daga Xanthi, ta ɗauko Christos Aravidis daga Panionios, dukansu daga ƙungiyoyin Super League, ga kuma ɗan Fotugal Hélder Barbosa. A watan Janairun 2015 ta ƙara da ɗan wasan tsakiya Jakob Johansson daga Suwidin, wanda daga baya, a 2017, ya ci ƙwallon da ta hana Italiya zuwa gasar cin kofin duniya. A wannan wata ne kuma ɗan Najeriya Macauley Chrisantus ya zo daga Sivasspor ta Turkiyya. Shi ne yaron nan da ya ci takalmin zinare da ƙwallaye 7 lokacin da Najeriya ta lashe kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu a 2007. Ƙungiyar da ke da irin waɗannan 'yan wasa, tana karawa da wasu da albashinsu ke makara, ba abin mamaki ba ne ta kammala a saman rukuninta da tazara.

Rukunin Arewa ya fi zafi, domin a can akwai tsofaffin manya da dama da kowanne ke ganin wurinsa yana sama. Akwai Iraklis ta birnin Tasalonika, wadda aka kafa a 1908, ta kuma ci kofin ƙasa a 1976. Ita ma ba rashin iya wasa ne ya saukar da ita ba, an hana ta lasisi ne a 2011 saboda matsalar takardu da kuɗi. Akwai Olympiakos Volou, wadda bai kamata a rikita ta da babbar Olympiacos ta Piraeus ba. A 2011 ta samu gurbin gasar Europa, har ta fara bugawa, sai badaƙalar sayar da wasanni ta fashe, aka kore ta daga Turai aka kuma saukar da ita a gida. Sannan akwai AEL ta Larissa, wadda ta lashe gasar ƙasa a 1988, kuma ita kaɗai ce ƙungiyar da ta taɓa yin haka daga wajen yankin Atina da Tasalonika. Idan aka lura, daga cikin manyan masu neman hawa a wannan kaka, akasari ofis da kotu ne suka yi sanadin zuwansu nan. Aris ma, wata babbar ƙungiyar Tasalonika, a wannan kaka tana can rukuni na uku, ta bi sawun AEK.

Kakar ba ta tafi salin-alin ba. A watan Satumbar 2014 wani mai goyon bayan Ethnikos Piraeus ya rasu sakamakon raunukan da ya samu a rikicin wani wasan rukuni na uku a Kirit, gwamnati ta ɗage wasannin ƙarshen mako. A watan Nuwamba aka far wa wani jami'in kwamitin alƙalan wasa, hukumar ƙwallon ƙasar ta dakatar da wasanni. A watan Fabrairun 2015, bayan tarzoma a karawar Panathinaikos da Olympiacos, sabuwar gwamnatin Alexis Tsipras, wadda ba ta fi wata ɗaya a kan mulki ba, ta dakatar da gasar manya.

Daren da ya fi tsayawa a zukatan mutane a wannan kaka bai zo a gasar rukuni ba, a kofin ƙasa ya zo. Ƙuri'a ta haɗa AEK da Olympiacos, zakarun ƙasar, a zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. A wasan farko a Piraeus aka tashi kunnen doki, 1 da 1, wanda ke nufin cewa idan aka tashi babu ci a wasa na biyu, AEK ce za ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje. Ranar 11 ga Maris 2015 dubun-dubatar magoya baya suka cika filin Olamfik. Minti bayan minti allon fili yana nuna babu ci, ƙungiyar rukuni na biyu tana gab da fitar da zakarun ƙasa. A minti na 89 ɗan Ajantina Franco Jara ya jefa ƙwallo a ragar AEK. Wasu magoya baya suka tsallako cikin fili, alƙalin wasa ya shige da 'yan wasa ɗaki, ba a ƙarasa wasan ba, aka ba Olympiacos nasara a kan takarda. A fili ɗaya, ƙasa da shekara biyu bayan abin da ya faru da Panthrakikos, tarihi ya maimaita kansa kusan a minti guda.

Wani abu da ba a cika ambata ba shi ne rawar da sauran ƙungiyoyin rukuni na biyu suka taka a wannan kofi. Daga cikin huɗun da suka kai wasan kusa da na ƙarshe, biyu daga Football League suka fito, wato Iraklis da Apollon Smyrnis. Xanthi ta fitar da ta farko, Olympiacos ta fitar da ta biyu, sannan ta doke Xanthi da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe. Wannan ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin saman rukuni na biyu da tsakiyar rukunin manya ba ta kai yadda sunayen gasannin ke nunawa ba.

Bayan kammala wasannin rukuni, ƙungiyoyi uku na sama daga kowane ɓangare suka shiga zagayen neman hawa, inda kowacce ta kara da kowacce gida da waje. Daga Kudu aka samu AEK da Panachaiki da Apollon Smyrnis, daga Arewa kuma Iraklis da AEL da Olympiakos Volou. Gurbi biyu kacal ake nema, kuma dalilin ƙarancinsa yana sama ne, domin an yanke shawarar rage ƙungiyoyin Super League daga 18 zuwa 16, saboda haka huɗu za su sauka, biyu su hau. Yadda huɗun suka sauka ma abin lura ne. Niki Volou da OFI ta Kirit ba su iya kammala kakar ba saboda rashin kuɗi, Kerkyra hukunci ne ya saukar da ita kan batun musayar hannun jari, sai Ergotelis ta cike ta huɗu. A ƙarshen zagayen, AEK ta zo ta ɗaya, Iraklis ta bi mata, suka haye tare. AEL sai da ta jira shekara guda, ta hau a 2016.

Ba a jima da kammala kakar ba, a ƙarshen watan Yunin 2015, gwamnati ta rufe bankuna, ta taƙaita abin da mutum zai cira a na'ura zuwa yuro 60 a rana. A cikin wannan yanayi ne ƙungiyoyin biyu suka shiga kasuwar sayen 'yan wasa don tunkarar rukunin manya.

Daga nan hanyoyinsu suka rabu. Dellas ya ajiye aiki a watan Oktoban 2015 bayan Olympiacos ta lallasa AEK da ci 4 da nema, amma ƙungiyar ta rama a watan Mayun 2016, lokacin da ta doke Olympiacos ɗin da ci 2 da 1 ta ɗauki kofin ƙasa. A 2018, ƙarƙashin koci Manolo Jiménez ɗan Sifaniya, ta lashe gasar Super League karon farko tun 1994, da Mantalos a matsayin kyaftin. A 2022 ta bar filin Olamfik ta koma sabon filinta a Nea Filadelfeia, a daidai wurin da aka rushe tsohon a 2003. Iraklis kuwa kaka biyu ta yi a sama, ta sake faɗowa a 2017, bashi ya sake cin ƙarfinta. Ita kanta gasar ba ta tsira da sunanta ba, domin a 2019 an ƙirƙiro Super League 2 a matsayin rukuni na biyu, aka mayar da Football League rukuni na uku, sannan a 2021 aka soke ta baki ɗaya.