Bayan An Ce Ya Warke: Matashi, Ciwon Daji da Abokansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyaye, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara yara kusan 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, ke kamuwa da ciwon daji. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, a da yawa daga ƙasashe irin namu kuwa ba su kai 30 ba. Shi ya sa a 2018 hukumar ta ɗaura aniyar kai adadin masu warkewa 60 cikin 100 nan da 2030. To, maganata yau a kan waɗanda suka tsira ɗin ce, don mu da an ce yaro ya warke sai mu yi hamdala mu watse, alhali da sauran rina a kaba.

Ku ɗauki ɗan shekara 15 mai sankarar jini. Maganinta kan ci shekara biyu zuwa uku. Gashi ya zube, farce ya yi baƙi, wani maganin ya kumbura masa fuska har ya daina duba madubi. Ya dawo makaranta, sa'anninsa sun wuce, an zaunar da shi aji ɗaya da ƙannensa. A unguwa sunan yanka ya ɓace, ya koma "yaron nan mai ciwo". In sankarar ƙashi ce aka yanke ƙafa, to laƙabin ya zauna ke nan.

Abokai fa? Makon farko ɗaki cike da 'yan dubiya, da lemo da ayaba. Wata uku, ƙafa ta ɗauke. Wasu iyayensu ne suka hana su cin abinci kwano ɗaya da shi. Iyayena mata, ku ji da kyau, ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwano ko ta gaisawa.

Amma ni a ganina lallaɓa shi da ake yi ya fi masa ciwo a kan gudunsa da ake yi. Ya iso majalisa, hira ta mutu. Wanda da yake tsokanarsa in an ci ƙungiyarsa a ƙwallo, yanzu sai "sannu, ya jiki?" Shi kuma ya ce "da sauƙi", safe da yamma, har ya gaji. Yaron nan so yake a yi musu da shi, a aike shi sayo ƙosai, a ce masa ƙarya yake. Tausayin nan kullum tuna masa yake shi daban ne.

Shi ya sa sau da yawa amininsa na gaske shi ne na gadon kusa da nasa a asibiti, wanda ba sai an yi masa bayanin amai ba. A Ingila sun lura da wannan, a 1990 ƙungiyar Teenage Cancer Trust ta buɗe sashe na matasa zalla a Landan, don kada a kwantar da saurayi tsakanin jarirai ko dattawa. Sai dai wannan abota tana da nauyi: wasu a cikinsu suna rasuwa, wanda ya rayu ya yi ta tambayar kansa me ya sa shi.

Sai maganar aure, wadda ake rufewa. Wasu magungunan suna taɓa haihuwa, wasu ba sa taɓawa. Budurwar da ta warke ta koma wurin likitanta ta tambaya dalla-dalla, da wanne aka yi mata, kafin dangin manemi su yanke hukunci da jita-jita.