Tillandsia: Tsiron da Ke Rayuwa Ba Tare da Ƙasa Ba

Assalamu alaikum jama'a. Wannan ɗan tsiro da kuke gani a tafin hannuna babu tukunya, babu ƙasa, amma lafiyarsa ƙalau. Sunansa Tillandsia ionantha. Asalinsa Meksiko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya irin su Gwatemala, inda yake maƙalewa a rassan bishiyoyi da kan duwatsu. Danginsu ɗaya da abarba, ganyensa ma a zagaye yake tashi kamar na kan abarba. Nau'o'in Tillandsia sun haura 600, amma wannan shi ya fi dacewa da mai farawa.

Wani zai ce ai wannan kauci ne. A'a. Kauci yana huda bishiya ya sha ruwan jikinta. Shi kuwa wannan ba ya karɓar komai daga bishiyar, saiwoyinsa na riƙo ne kawai. Ta ganye yake ci, ta ganye yake sha.

Ku matso ku duba ganyen da kyau. Kun ga wannan fari-farin da ya lulluɓe shi? Wasu ƙananan ɓawo-ɓawo ne da ke kama raɓa da ruwan sama su shigar da su cikin tsiron, don haka kada ku goge su da tsumma kuna zaton ƙura ce. Da su ake gane halin kowane nau'i. Wanda ganyensa ya yi toka-toka da kauri, daga busasshen wuri mai rana ya fito, yana jure ƙishi. Wanda ganyensa kore ne mai santsi, ɗan daji mai laima ne, ya fi son inuwa da ruwa a kai a kai. Shi ionantha ƙarami ne, tsayinsa bai cika wuce santimita 8 ba. Babbar alamarsa, idan zai yi fure sai ganyen tsakiya su rikiɗe su yi ja, sannan siririn fure mai launin shunayya ya leƙo daga ciki.

To, yanzu sai batun ruwa, don a nan mutane suka fi kashe shi. Sau ɗaya a mako, ku nutsa shi cikin kwano na minti 20 zuwa 30. Ruwan sama ya fi. In na famfo ne, ku bar shi ya kwana a buɗe tukuna. Bayan kun ciro shi, ku kakkaɓe, ku kife shi kansa ƙasa a inda iska ke bi, ya bushe cikin awa huɗu. Wannan kifewar don Allah kada ku raina ta. Ruwan da ya kwanta a tsakiyar ganye shi ke ruɓar da gindin, kuma kafin ku lura ganyen sun fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Ku jiƙa shi da safe, domin da dare ne yake buɗe ƙofofin ganyensa ya shaƙi iska, bai kamata dare ya same shi a jiƙe ba.

Lokacin hunturu, iska ta bushe, ku ƙara masa feshin ruwa tsakanin mako. Idan ganye ya fara naɗewa, bakinsa ya yi ruwan ƙasa, ƙishi yake ji. Da damina kuwa ku rage.

Ku ajiye shi kusa da taga mai haske, amma ba inda ranar azahar za ta doke shi ba. Ana iya ɗora shi a kan guntun itace ko dutse, ko a rataye shi da zare. Wayar jan ƙarfe dai ku guje ta, guba ce a gare shi.

Sau ɗaya yake fure a rayuwarsa. Bayan nan sai 'ya'ya su tsiro a gindinsa, uwar kuma ta riƙa ja baya a hankali. Idan ɗa ya kai kashi ɗaya cikin uku na girman uwar, ku murɗe shi a hankali ku raba. In kuma kun bar su tare, cikin 'yan shekaru za su haɗu su zama dunƙule guda, su riƙa yin ja a lokaci ɗaya.