Wa ke da iko da fassarar manga? Rigimar masu fassara da shafukan intanet

Babi ɗaya na manga, labarin zane na Japan, in mai fita mako-mako ne, bai cika wuce shafi 20 ba. Amma kafin ya iso wayarku cikin harshen da kuke ji, hannu da yawa ya taɓa shi. Wani ya samo mujallar ya ɗauki hoton shafukan. Wani ya fassara. Wani ya goge rubutun Japananci, kuma inda rubutun ya hau kan zane, dole ya sake zana gashi ko gajimare da hannunsa. Wani ya jera sabbin kalmomin. Yawancinsu ba wanda ya ɗauke su aiki, son labarin ne kawai ya haɗa su.

Da sun saki babin, cikin ɗan lokaci wasu shafukan intanet sun kwashe shi da manhajar da ke aiki ba dare ba rana. Su matse hotunan har zanen ya dushe, su manna tambarinsu, wani lokaci su cire shafin ƙarshe mai ɗauke da sunayen waɗanda suka yi wahalar, sannan su cika gefe da gefe da talla. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To ina mai fassara zai kai ƙara? Yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin mallakar rubutu, ta ce mai littafi ne kaɗai ke da ikon ba da izinin fassara shi. Ƙungiyar da ta fassara ba da izini ba, in ta nufi kotu, kanta za ta fara tona wa asiri. Shafin da ya kwashe ma ya san haka. Shi ya sa a wannan harka ba lauya ke raba gardama ba. Abin da ake da shi ƙa'idoji ne da mutanen suka gindaya wa kansu.

Shafin Batoto, wanda ya bayyana a 2011, ya yi suna ne saboda ya girmama waɗannan ƙa'idoji. Ƙungiya ce ke ɗora aikinta, sunanta na nan a jiki, ba a lalata hoton, kuma in ta ce a sauke, a sauke. Da aka rufe shi a watan Janairun 2018, a watan ne MangaDex ya taso ya ɗora daga inda aka tsaya, a lokacin ba talla, da gudummawar masu karatu yake tafiya. Ya kuma bai wa ƙungiyoyi damar jinkiri: babi ya fara fita a shafin ƙungiyar, sai bayan wani lokaci ya buɗe a MangaDex.

A wannan jinkirin ne kuɗi suka ɓuya. Ƙungiyar da ke da shafinta tana samun na talla da na magoya baya, kuma masu karatu na rububin babi ne a sa'o'insa na farko. Idan wata ƙungiya ta yi riga malam masallaci, ta fassara babin ta ɗora nan take, jinkirin ya tashi a banza. Masu aikin asali za su ce an shiga gonarsu. Masu shafin kuma za su ce ba wanda ya mallaki labarin da ba shi ya zana ba, don haka ba za su hana kowa fassarawa ba. A 2019 irin wannan saɓani ya kai wasu manyan ƙungiyoyi, ciki har da Jaimini's Box, suka janye ayyukansu daga MangaDex, shafin kuma ya sauke su.

A ganina, kowane ɓangare na da gaskiyarsa a wuri daban. Guminka naka ne, don haka sunanka ya zauna a jiki, kuma ranar da ka ce a cire fassararka, a cire ba tare da ja-in-ja ba. Amma labarin ba naka ba ne, ba ka da hurumin kafa masa shinge. Shafin da ke son zaman lafiya sai ya rubuta waɗannan biyun ƙarara tun kafin rigima, ya yi wa babbar ƙungiya da ƙarama hukunci ɗaya, ya kuma saurari ƙorafi a keɓe kafin magana ta fantsama a dandalin hira na intanet irin su Reddit da Discord, inda masu karatu ke ɗaukar ɓangare su fara zagin mutanen da suka yi musu aiki kyauta.

Akwai kuma wanda ba a gayyata zaman sulhun ba: mai zanen, wanda ke kwana a kan tebur don ya cika alƙawarin mako. Idan kamfanoninsa suka motsa, rigimar cikin gida ta zama ƙarama. A 2010 kamfanonin buga littattafai na Japan da Amurka sun haɗa kai, shafin karanta manga na OneManga ya sauke abin da ke kansa. A ƙarshen 2019 shafin masu fassara na Mangastream ya rufe. A watan Mayun 2025 takardun ƙorafin haƙƙin mallaka suka sa MangaDex ya cire dubban labarai, aikin shekaru na ƙungiyoyi da yawa ya ɓace daga shafin, kuma ba wanda ya nemi jin ta bakinsu.

Tsohuwar al'adar masu fassara ita ce su dakata da zarar fassarar halal ta fito. Tun Janairun 2019 kamfanin Shueisha ke sakin sabbin babi kyauta a shafinsa na Manga Plus, a daidai lokacin da suke fita a Japan. Ga labaran da ke can, hujjar cewa babu wata hanyar karantawa ta faɗi. Inda aikin ƙungiyoyin ya rage da amfani shi ne tsofaffin labarai da ƙananan da babu kamfanin da ya waiwaya, da kuma harsunan da har yau ba a fassara manga a cikinsu a hukumance.