Sharhi: Wasiƙar da ke jiran mai neman mafaka a Jamus

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya leƙa Jamus ne, cikin cibiyoyin da ake sauke masu neman mafaka, inda akwai 'yan Najeriya da Nijar da Ghana, wataƙila ma ɗan gidanku na ciki.

Wanda ya nemi mafaka a Jamus ba shi ke zaɓen wurin kwanansa ba. Doka ta ɗora masa zama a cibiyar da aka tura shi, kuma tun 2019 zaman kan kai watanni 18, sai dai masu ƙananan yara, su nasu watanni shida ne. Muddin yana can, ba ya fita daga yankin da aka keɓe masa sai da izini. In ya sauya adireshi, wajibi ne ya sanar da BAMF, hukumar tarayya mai duba buƙatar mafaka. A Holland, maƙwabciyar Jamus, mazauna irin waɗannan cibiyoyi kan bayyana a gaban ma'aikata duk mako, a tabbatar suna nan.

A gaskiya ban ga laifin ƙasa ba don ta nemi sanin inda baƙonta yake. Ko a garuruwanmu, baƙo ya sauka, ai sai mai masauki ya kai labari wurin mai unguwa. Abin da ke damuna shi ne girman hukuncin in aka kwatanta shi da ƙanƙantar kuskuren, da kuma yadda sau da yawa mutum bai ma san ya yi kuskuren ba.

Ku dubi maganar wasiƙa. Hukuma kan aika takarda zuwa cibiya, a ajiye a ofis, a sa lokacin da ake raba wasiƙu. In mutum bai je ya karɓa ba, bayan 'yan kwanaki doka za ta ɗauka tamkar ta shiga hannunsa, ko da ko idonsa bai ganta ba. To, a cikin ambulan ɗin nan ne ranar ganawa da jami'in BAMF take, ganawar da a nan ne mutum zai faɗi abin da ya koro shi daga gida. In bai halarta ba, ana iya ɗauka ya janye buƙatarsa, a rufe fayil. A ciki ne kuma hukuncin ƙin amincewa yake zuwa, kuma wa'adin kai ƙara kotu makonni biyu ne, a wasu lokutan mako guda tak. Mako guda, ga mutumin da bai iya Jamusanci ba, ba shi da lauya, kuɗin mota ma sai ya ƙirga.

Akwai shari'ar da ta fito da wannan fili. Wani ɗan Gambiya ya ratsa teku ya shiga Italiya, daga nan ya wuce Jamus. Bisa tsarin Dublin, dokar Tarayyar Turai mai fayyace ƙasar da za ta duba buƙatar mafaka, galibi wadda mutum ya fara shiga, aka yanke a mai da shi Italiya. Ranar da aka zo ɗaukarsa a Heidelberg, a watan Yunin 2015, ba a same shi a masaukinsa ba. Shi ya ce ziyarar aboki ya tafi, kuma babu wanda ya gaya masa sai ya sanar kafin ya fita. Hukuma ta ce gudu ya yi. Kada ku raina wannan kalma, domin a tsarin na wancan lokaci, Jamus na da watanni shida ne ta mai da mutum, in sun wuce shari'arsa ta zama tata. Amma da zarar an rubuta cewa ya gudu, wa'adin kan miƙe zuwa watanni 18. Magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda a ranar 19 ga Maris 2019 ta ce ana iya ɗaukar mutum a matsayin wanda ya gudu in ya bar masauki bai sanar ba, amma da sharaɗin an riga an bayyana masa wannan wajibi, kuma yana da damar kawo hujjar fitarsa.

Wannan sharaɗi shi ne zuciyar maganar. Miƙa wa mutum tarin takardu a ranar da ya sauka, ga gajiya ga tsoro, a ce ya sa hannu, ba shi ne bayani ba. Bahaushen da bokonsa bai yi nisa ba, in aka ba shi takarda da Turanci ko Faransanci don daga Najeriya ko Nijar ya fito, an cika ƙa'ida a rubuce, amma saƙo bai isa ba. A kawo tafinta, a zauna da shi, a maimaita masa. Ballantana yanzu da sabuwar yarjejeniyar ƙaura da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2024 ta ba da damar wa'adin wanda aka ce ya gudu ya kai shekaru uku.

Ku kuma iyaye da 'yan uwa da ke waya da 'ya'yanku a can, bayan tambayar sanyi da abinci, ku tambaye su ko sun leƙa ofishin wasiƙu yau. In za su tafi suna ko ta'aziyya a wani gari, su nemi izini a rubuce, su riƙe kwafinsa a aljihu.

Sai kuma a sharhi na gaba. Ku huta lafiya.