Fumfuna da Warin Danshi a Kayan Ajiya: Yadda Ake Raba Su da Kayanmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena maza da mata, 'yan'uwa masu sauraro, ina yi muku barka da zuwa, kuma ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama. Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne fumfuna da warin danshi da ke kama kayan da muka ajiye a akwati ko a durowa ko a ɗakin ajiya, da kuma hanyar da za a bi a rabu da su ba tare da an lalata kayan ba, kuma ba tare da an cutar da mai aikin ba.

Da farko ya kamata mu san abin da muke fama da shi. Fumfuna halitta ce mai rai, daga dangin naman kaza, kuma tana yaɗuwa ta hanyar ƙwayoyin iri ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, suna yawo a cikin iska a ko'ina, har a ɗakin da ya fi kowanne tsafta. Saboda haka babu wanda zai iya hana su shiga gidansa. Abin da ke hannunmu shi ne hana su tsirowa, domin ba sa tsirowa sai sun sami abinci da laima, musamman a wurin da iska ba ta motsi. Abincin kuwa ba ya yi musu wuya, tunda auduga da takarda da fata da katako duk abincinsu ne, haka ƙurar da ta kwanta a kan kaya, da gumin da ya saura a wuyan riga, da sitacin da aka sa wa tufafi. Tun da ba za mu iya raba su da abinci ba, laima ce kaɗai ƙofar da za mu iya rufewa, kuma duk bayanina na yau a kan wannan ya ginu.

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka tana ba da shawarar kada laimar iskar cikin ɗaki ta wuce kashi 60 cikin 100, mafi kyau ma ta tsaya tsakanin 30 da 50, kuma duk abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, domin bayan wannan lokaci fumfuna na iya fara kamawa. Ku lura da ƙanƙantar lokacin nan. Katifar da ruwan sama ya taɓa aka ce a bari sai an sami sarari, to kwana biyu sun isa a fara samun matsala.

Shi kuma warin da muke ji idan mun buɗe tsohon akwati, ba warin tsufa ba ne kamar yadda mutane da yawa suke zato. Wasu sinadarai ne da fumfuna da ƙwayoyin cuta suke fitarwa yayin da suke cin abin da suka kama, kuma hancin mutum yana jin su tun kafin ido ya ga tabo ko ɗaya. Wannan ne ya sa nake roƙonku da babbar murya ku daina fesa turare a kan kayan da ke wari kuna mayar da su ma'ajiyarsu. Turaren zai rufe warin na kwanaki kaɗan, alhali ɓarnar tana ci gaba a ƙarƙashinsa, sannan kun kashe gargaɗin da hancinku yake yi muku. Haka nan kafur da ake jefawa cikin tufafi, an yi shi ne don korar asu da ƙwari, ba zai busar da danshi ba, kuma yana da haɗari ga yara, musamman jarirai, idan suka haɗiye shi ko aka sa musu kayan da suka daɗe tare da shi.

Kafin a taɓa kayan, a kula da lafiyar mai aikin. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa zama a irin wannan wuri yana da alaƙa da tari da ƙarar numfashi da tayar da asma. Saboda haka mai asma, da mai raunin garkuwar jiki, da ƙananan yara, kada a sa su wannan aiki, kuma kada su tsaya kusa. Wanda zai yi ya sa takunkumi mai kyau, irin wanda ake kira N95, ya sa safar hannu ta roba, sannan ya fitar da kayan waje. Kakkaɓe su a cikin ɗaki daidai yake da watsa irin a kan sauran kayan da ba su kamu ba.

Aikin kansa yana da tsari, kuma tsarin ne mutane suka fi karyawa. Ana fara busarwa, sannan a cire fumfunar, sai daga ƙarshe a koma kan wari. Ku ɗauki takalmin fata da ya yi watanni a ƙasan durowa. Za ku ga wani gari fari ko kore-kore ya bi layin ɗinki, ya taru a gefen dunduniya, kuma idan kuka shafa shi da jiƙaƙƙen tsumma nan take, sai ya dame ya shiga cikin fatar. Amma idan aka bar takalmin ya sha iska ya bushe sarai, garin yakan zama ƙura wadda buroshi mai laushi zai share cikin sauƙi. Bayan an share sai a goge da tsumman da aka ɗan jiƙa da sifirit, wato barasar goge rauni, wadda aka gauraya da ruwa rabi da rabi, bayan an gwada a wani ɓoyayyen gefe don a tabbata ba ta cire launi. A shanya shi a inuwa mai iska, domin rana mai zafi tana busar da fata har ta tsattsage, daga nan a shafa masa man takalmi.

Tufafi da zannuwan gado da labule sun fi sauƙi, domin suna wankuwa. A kakkaɓe su a waje, a wanke da sabulu da ruwa mafi zafi da yadin zai iya ɗauka, wanda ga auduga yakan kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Fararen kayan auduga suna jure bilic, amma ulu da siliki da kaya masu launi ba sa jurewa, don haka su sai a jiƙa su a ruwan da aka zuba wa farin ruwan khal, wato binega, kafin wanki. Sannan a shanya a rana har su bushe ƙarau, a juya masu launi ta ciki don kada su koɗe. Dole in gaya muku gaskiya a nan: baƙaƙen ɗige-ɗigen da kuke gani a bakin ninki na farar riga, idan sun daɗe, wani lokaci ba sa fita duka, domin fumfunar ta riga ta ci zaren ta rina shi.

Akwai gargaɗi guda da ba na so kowa ya fita daga nan bai riƙe shi ba. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal, kuma kada a haɗa shi da duk wani abin goge-goge mai ɗauke da amoniya, domin haɗin yana fitar da iska mai guba wadda ke ƙona huhu, kuma a rufaffen ɗaki tana iya kisa. Wanda zai yi amfani da bilic a kan abu mai tauri, kamar akwatin roba ko tayil ko gilashi, ya bi ma'aunin Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka, wato kada ya wuce kofi 1 a cikin galan 1 na ruwa, kusan mililita 240 a lita 4, kuma ya buɗe tagogi. Sau da yawa ma sabulu da ruwa da gogewa sosai sun wadatar a kan irin waɗannan abubuwa.

Inda lamarin ya fi wuya shi ne kayan da ke tsotsar ruwa kuma ba sa wankuwa, kamar katifa da matashin kai da kafet mai kauri da kushin. Fumfuna kamar ciyawa take, abin da ido ke gani ganye ne kawai, saiwar tana can ciki, kuma a cikin soson katifa babu buroshi ko maganin da zai kai gare ta. Idan tabon ƙarami ne kuma a sama ya tsaya, ana iya gogewa a shanya kwanaki a rana ana juyawa. Idan kuwa ya ratsa ciki, kuma warin yana dawowa duk lokacin da gari ya yi laima, shawarata ita ce a haƙura a yar. Na san maganar tana da nauyi ga wanda ya sha wahala kafin ya saya, amma mutum yana kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na rayuwarsa da fuskarsa a kan katifa da matashi, kuma ko matacciyar fumfuna tana iya tayar da atishawa da asma. Kwalin da ya kamu shi ma a yar da shi ba tare da wani tunani ba.

Littattafai da takardun shaida da hotuna suna bukatar haƙuri. Kada ruwa ko bilic ya kusance su. A tsayar da littafi a kan gindinsa, a buɗe shafukan kaɗan, a sa fanka ta riƙa kaɗa iska a ɗakin har ya bushe, sannan a share da buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Idan littattafan da suka jiƙe sun yi yawa har ba za a iya busar da su cikin kwana biyu ba, masu kula da ɗakunan karatu sukan naɗe su su sa a firiza, domin sanyin yana tsayar da fumfunar ko da bai kashe ta ba, sai a riƙa fitowa da su kaɗan-kaɗan.

Sai bayan duk wannan ake zuwa kan sauran warin da ya maƙale. A wanke ma'ajiyar kanta, a bar akwatin ko durowar a buɗe a wuri mai iska, sannan a rufe kayan a ciki tare da buɗaɗɗen kwano na bekin soda ko gawayi na kwanaki, ana sauyawa idan ya cancanta. Waɗannan suna tsotse warin ne maimakon su lulluɓe shi, sai dai ba su da wani amfani muddin kayan suna da sauran danshi.

Wajen mayar da kaya ajiya kuma, kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Rigar da aka yayyafa wa ruwa aka goge, aka ninke ta da ɗuminta aka tura cikin leda aka ɗaure, an rufe ta ne tare da laimarta. A bar ta ta huce tukuna, kuma abin da zai daɗe a ajiye a wanke shi ba tare da sitaci ba. A ɗaga akwatuna daga daɓen siminti a kan katako, a bar tazara tsakanin durowa da bango don iska ta ratsa, a sa ƙananan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, nesa da hannun yara, kuma a riƙa buɗe ma'ajiya lokaci zuwa lokaci a ranar da gari ya bushe. Idan kuma bangon ɗakin ne ke tsatsafar ruwa, ko rufi ke yoyo, ko bututu ya fashe a ciki, to gyaran ya kamata ya fara daga can, kuma idan fumfunar da ke jikin bangon ta wuce kimanin murabba'in mita 1, a nemi wanda ya san aikin ya duba kafin a sake jera kaya a wurin. Yanzu zan saurari tambayoyinku.